Yadda Za Ka Haɗa Ajinka da Wani Aji a Wata Ƙasa ta Kiran Bidiyo

Ranar da na fara gwada haɗa ɗalibaina da wani aji a Ingila, awa ɗaya cur muka yi muna kallon allon kwamfuta ba kowa a ciki. Tun a watan Satumba muka yi magana da malamar can, muka tsayar da ƙarfe goma na safiyar wata Laraba a farkon Nuwamba. Yara suka zo da wankakkun kayan makaranta, aka share aji, aka aro lasifika, shugaban makaranta ma ya leƙo har sau biyu. Goma ta yi, goma da rabi ta wuce, shiru kake ji. Can wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ko dai sun fasa ne?"

Ba su fasa ba. Abin da ban sani ba shi ne, duk ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba mutanen Ingila kan mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, don haka gomansu ta koma sha ɗayanmu. Kafin fuskokinsu su bayyana cajin kwamfuta ya kusa ƙarewa, malamin lissafi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran darasinsa. Minti goma muka samu, muka gaisa, muka rabu.

Daga ranar na gane cewa kiran kansa shi ne ƙaramin aiki a cikin wannan sha'ani. Mafi yawan aikin yana wuyan malamai biyu ne, makonni kafin a kunna kamara. Ga yadda nake bi yanzu.

Ka fara sanin abin da kake nema

Kafin ka nemi kowa, zauna ka rubuta a layi ɗaya abin da kake so yaranka su samu. "Su ga Turawa" ba dalili ba ne. Idan kana koyar da Turanci, wataƙila kana so bakinsu ya buɗe, su daina jin nauyin magana. Idan labarin ƙasa ne, kana so su ji daga bakin tsaransu cewa a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, a watan Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Wannan layi ɗaya shi zai nuna maka ƙasar da za ka nufa, da shekarun yaran da za ka nema, shi ne kuma abin da za ka faɗa wa shugaban makaranta idan ya tambaye ka amfanin abin.

Neman abokin tafiya

Shawarata ita ce ka fara da kusa. Mutane da yawa da zarar an ce haɗa aji da ƙasar waje sai hankalinsu ya tafi Amurka. Amma ɗalibin Katsina da na Maraɗi, harshensu ɗaya, agogonsu ɗaya, sai dai ɗaya yana karatu da Turanci, ɗaya da Faransanci, ɗaya yana kashe naira, ɗaya sefa. Ko rubutun boko ma akwai bambanci: kalmar da muke rubutawa 'ya'ya a Najeriya, a Nijar da wani harafi mai lanƙwasa ake rubuta ta, ƴaƴa. Wannan kaɗai darasi ne guda. Haka yaran zangon Kumasi a Ghana, Hausarsu za ta ba ɗalibanka dariya da mamaki, taku ma ta ba su. Idan ka iya riƙe zumunci da ajin da ke maƙwabtaka tsawon zango ɗaya, ka koyi duk abin da za ka buƙata kafin ka miƙa hannu nesa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce ta sanayya: tsohon ɗalibinka da ke karatu a waje, ɗan'uwa da ke koyarwa a wata ƙasa, malamin da kuka haɗu a taron bita. Bayan wannan akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan. iEARN ta fara ne a 1988 da haɗa makarantun birnin Mosko da na jihar New York, yanzu kuma malamai daga ƙasashe masu yawa ne ke gudanar da ayyukan haɗin gwiwa a cikinta. British Council ta daɗe tana haɗa makarantun Birtaniya da na wasu ƙasashe, har da Najeriya. UNESCO ma tana da tsarin makarantu abokan hulɗa tun 1953. Za ka kuma ci karo da eTwinning, wanda Tarayyar Turai ta kafa a 2005, amma kada ka ɓata lokacinka a kansa, na makarantun Turai ne da wasu maƙwabtansu. A Facebook akwai zaurukan malamai da ake cigiyar abokan haɗi, sai dai a nan ne ya kamata ka fi buɗe ido.

Duk wanda ya amsa maka, kada ka kai shi gaban yara sai ka tabbatar malami ne na gaske a makaranta ta gaske. Ku yi kiran bidiyo ku biyu yana cikin harabar makarantarsu, ka ga ajin, ka gaisa da shugabansu, shi ma ya gaisa da naka. Wanda ya fara kawo maganar kuɗin rajista, ko tallafin karatu kyauta, ko ya nemi lambobin wayar ɗalibai, rabu da shi tun a nan.

Zaman malamai biyu

Nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne yawancin irin wannan haɗi ke mutuwa. Ku yi magana aƙalla sau biyu ko uku kafin yara su ga juna. Ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki: yara nawa ne a ajinka, ko da sun kai saba'in, cewa wuta ba ta tsayawa, cewa sabis kan ɗauke ana tsaka da magana, cewa wasu yaran Turancinsu bai nuna ba. Ɓoye wannan don kada a raina ka ba ya haifar da komai sai jin kunya ranar kira. Shi ma ka tambaye shi nasa matsalolin, yana da su. Malamin Ingila, alal misali, ba ya iya ɗaukar hoton ɗalibi ya tura maka yadda ya ga dama, dokokin makarantarsu sun ɗaure shi.

Akwai wata magana da ba a son faɗa, amma sai na faɗa. Kada ka mayar da wannan zumunci hanyar roƙo. Na ga inda daga kira na biyu aka fara jero buƙatu, kwamfutoci, littattafai, har da takardar gayyata don neman biza, daga nan saƙonni suka daina samun amsa. Ɓarnar ba ta tsaya ga yankewar hulɗa ba. Yaran can sun tashi da tunanin cewa mu mabarata ne, namu kuma sun koyi cewa idan ka ga baƙo daga waje hannu ake miƙa masa. Ku shiga a matsayin tsara da tsara. Yaron da ke jin Hausa da Fulatanci da Turanci, ya kuma haddace izu goma, ba shi da dalilin sunkuyar da kai gaban kowa. Ka kuma roƙi abokin aikinka ya shirya yaransa, don kada tambayar farko ta zama ko akwai zakuna a bayan gidajenku. Kai ma ka shirya naka, don kada su tambaya ko kowa a can attajiri ne.

Ku ajiye kalandar makarantunku gefe da gefe. Makonnin jarrabawa, hutun zango, azumi da bukukuwan Salla, Kirsimeti, duk a fitar da su. Juma'a a wajenmu gajeriyar rana ce, a Saudiyya ma ba a zuwa makaranta sam. Makarantun Kenya a Janairu suke fara shekararsu, ba Satumba ba. Bayan an tace, za ka tarar ranakun da suka rage a zango ba su da yawa. Kira uku a zango ya wadatar.

Izini

Shugaban makaranta da farko, sannan iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan yaro, hoto da murya kuwa suna ciki. Rubuta gajeriyar takarda da Hausa, ba da dogon Turanci ba: da wace makaranta za a yi magana, a wace ƙasa, sau nawa, za a naɗi bidiyon ko ba za a naɗa ba, wa zai gani. In da hali ka yi bayanin a taron iyaye da malamai, domin abin da aka ji daga bakinka ya fi takarda shiga rai.

Za a sami uban da zai ce bai yarda fuskar 'yarsa ta fito ba. Kada ka ja da shi, kada kuma ka cire yarinyar. Ka ce, "To Alhaji, ba komai, za ta zauna inda kamara ba ta kai ba." Ita ce za ta riƙe taswira, ko ta rubuta amsoshi a allo, ko ta tsara tambayoyin da wasu za su karanta.

Lissafin agogo

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk agogo ɗaya ne. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Kenya da Saudiyya da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi, Malesiya da awa bakwai. Waɗannan ba sa canzawa. Masu rikitarwa su ne ƙasashen da ke juya agogo sau biyu a shekara. Ingila daidai take da mu daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya. Faransa da Jamus akasin haka: daidai da mu a lokacin sanyinsu, gabanmu da awa ɗaya a lokacin zafi. New York tana bayanmu da awa shida a lokacin sanyi, biyar a lokacin zafi, wato sa'ad da yaransu ke shiga aji namu suna shirin tashi. Da irin waɗannan, musayar bidiyon da aka naɗa ta fi kira kai tsaye sauƙi.

Duk lokacin da za ka rubuta lokaci, rubuta biyun: "ƙarfe 11 agogon Kano, ƙarfe 10 agogon Landan." Ana gobe kira kuma ka sake turawa.

Kayan aiki

Ba sai kana da ɗakin kwamfuta ba. Waya mai kyau ko kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, da lasifika, sun isa. Idan akwai majigi ko talabijin da za a jona, madalla. Idan babu, yara su matso rukuni-rukuni.

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi abin da zai gyara sauti. Yara za su jure hoto mai dishi-dishi, amma da zarar sun daina jin abin da ake faɗa, surutu ya ɓarke, aji ya kuɓuce maka. Ƙaramar lasifika mai caji wadda ake haɗawa da waya ta wadatar, sai dai kada ka ajiye ta dab da makirufo, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta dame ku. Na'ura ɗaya tak za ta shiga kiran daga ajin; kowace waya ta biyu da aka kunna a ɗakin ƙara za ta jawo. Idan janareta za a tayar, a kai shi nesa da taga. Fanka ma in tana kaɗawa kusa da makirufo, waɗanda ke can guguwa kawai suke ji.

Haske kuma, kada yara su ba taga baya, fuskokinsu za su koma baƙin inuwa. Su fuskanci taga, kamara ta ba ta baya. Ɗora wayar a kwance bisa tarin littattafai daidai tsayin fuskar yaro a zaune, ka tokare ta, kada wani ya riƙe a hannu.

Game da manhaja: Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Google Meet na kyauta yana ba da awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku, amma idan na'ura biyu ce kawai, aji da aji, ba za ku kai iyakarsa ba. WhatsApp shi ne mafi sauƙi, kuma shi nake ajiyewa a matsayin madadi ko da da wata manhajar aka shirya. Idan ka ga tsofaffin bayanai suna maganar Skype, wuce su, kamfanin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025. Data kuwa, ka tanadi gigabait ɗaya don kira ɗaya, za ta isa har da saura idan ba ka kunna hoto mai tsananin kyau ba. Kwana biyu kafin ranar, zagaya ajin da wayarka a daidai lokacin da za a yi kiran, ka gano kusurwar da sabis ya fi ƙarfi, ka kuma tanadi layin wani kamfanin daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar kira

Minti talatin ya isa. Kafin ranar ka raba aiki: masu gaisuwa biyu, masu tambaya biyar ko shida, mai kula da lokaci, masu rubuta abin da aka ji, masu taswira. Ajiye kujera ɗaya gaban kamara; duk mai magana ya zo ya zauna a kanta, ya faɗi sunansa na farko kawai, ya yi maganarsa a hankali, ya tashi. Ka gwada wannan da su sau ɗaya ba tare da kira ba. Za ka ga yaron da ya fi kowa surutu a aji ya zauna a kujerar nan murya ta maƙale, wata shiru-shiru kuma ta zage ta yi bayani tiryan-tiryan.

Don haɗuwar farko ban ga abin da ya kai wasan da malamai suka riƙa kira Mystery Skype ba, wanda ni nake ce wa "Ina muke?" Malaman biyu sun san juna, amma yara ba a gaya musu ƙasar da za a kira ba. Kowane ɓangare yana yin tambaya ɗaya bi da bi, amsa kuma "e" ko "a'a" ce kawai. Ƙasarku tana bakin teku? Kuna nahiyar Afirka? Kuna gabas da mu? Ana zuba ƙanƙara a garinku? Masu taswira suna soke ƙasashen da suka fita, har a gano. Wasan yana kashe kunya, domin hankalin yaro yana kan cin gasa, ya manta da tsoron kuskuren Turanci. Sai dai ka tuna ka cire tuta ko rubutun allo da zai tona asiri.

Idan hoto ya fara tsinkewa, ku kashe kamara ku ci gaba da murya. Idan muryar ma ta tafi, ku koma saƙon murya ta WhatsApp, a tura tambaya, a jira amsa, a kunna wa aji. Ku amince da wannan tsari tun kafin ranar, don kada a tsaya ana "kuna jina?" har lokaci ya ƙare. Da an kashe kira kada ka sallami yara; ba su minti goma su faɗi abin da ya ba su mamaki, su rubuta tambayoyin da ba su samu yi ba. Waɗannan ne jarin kira na gaba.

Tsakanin kira da kira

A nan kafofin sada zumunta ke shigowa, kuma ƙa'idata ɗaya ce: komai ta hannun malamai zai bi. Facebook da WhatsApp da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani da su, amma ko yaranka sun haura haka, kada ka haɗa su abota kai tsaye da yaran da ba ka san iyayensu ba. Zauren WhatsApp na malaman biyu, ko rufaffen zaure a Facebook, ya isa a riƙa musayar hotunan aikin yara, wasiƙun da suka rubuta da hannu, da gajerun bidiyo na minti ɗaya ko biyu: yadda ake dama fura, yadda ake wasan langa, abin da naira dubu ke saye a kasuwa yau.

Kada ka wallafa fuskokin yara tare da sunan makaranta da unguwa da lokutan darasi a shafin da kowa ke gani. A halin tsaron da arewa ke ciki, wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Adireshin shiga kiran ma kada a saka shi a fili, a tura wa malamin can shi kaɗai.

Aikin da zai riƙe zumuncin

Gaisuwa da "me kuke ci" ba sa wuce kira biyu. Abin da ke sa haɗi ya ɗore shi ne aikin da aji ɗaya ba zai iya gamawa ba sai da ɗayan. Wanda na fi so shi ne awon inuwa, kuma ba ya cin ko kwabo.

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani masani mai suna Eratosthenes a birnin Iskandariyya na Masar ya kwatanta inuwar tsakar rana a garinsu da ta garin da yanzu ake kira Aswan, ya sami bambancin kusan digiri 7, da shi ya ƙiyasta kewayen duniya. Yaranka za su iya maimaita wannan. A zaɓi wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita. Kowane aji ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe cak a shimfiɗaɗɗen fili marar tudu da kwari, a riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar, a ɗauki mafi gajarta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, zawali ke nan, da shi malamai ke gane shigar Azahar tun kafin agogo ya zo. Yara za su lura cewa a Kano ba ƙarfe 12 daidai yake faɗawa ba, a watan Maris yakan kai wajen sha biyu da rabi.

A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa, inuwar za ta kasance kimanin santimita 21. A Landan, kan digiri 51 da rabi, za ta kai kimanin santimita 126, ta fi sandar tsawo. Kowane aji ya zana sandar da inuwarta a takarda, ya auna kusurwar da ke saman sandar, sannan a yi kira a yi musayar sakamako. Bambancin zai fito kusan digiri 39 da rabi. A raba 360 da wannan, a ninka da tazarar kudu zuwa arewa da ke tsakanin garuruwan biyu, kimanin kilomita 4,400, sai ga amsa ta faɗo kusa da kilomita 40,000. Idan abokan naku suna kusa, kamar Maraɗi ko Damagaram, bambancin inuwar zai yi ƙanƙanta har kuskuren awo ya haɗiye shi. Da su gara a kwatanta farashin kwanon gero a kasuwannin biyu, ko ranar da ruwan farko ya sauka a kowane gari. Idan kuma hadari ko hazo ya rufe rana a ɓangare ɗaya, a sake washegari, kwana ɗaya ko biyu ba sa ɓata lissafin.

Tun daga kiran farko ka jawo wani malami a makarantarku ya zauna tare da kai, ya san kalmar sirri, ya san abokin aikin na can, a sa shi cikin zauren. Canjin wurin aiki ba ya sallama, takarda kawai za ka gani. Ka kuma buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta ranar kowane kira, abin da aka tattauna, abin da ya lalace da yadda aka gyara, a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta.